Doyar da Na Kasa Ci

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ma'aikacin ɗakin bincike ne a Abuja. Muna nazarin ƙwayoyin gado da sinadaran jini, don kowa ya samu maganin da ya dace da jikinsa. A wajen wani suna na cika baki cewa aikin ya kammala. Sai ga Gwaggona daga Paikon Kore da maƙwabtanta masu hawan jini, ko karyawa ba su yi ba, sun zo wurin aikina da sassafe, wai a ɗebi jininsu. Na ce, "Gwaggo, sakamakon binciken yana cikin kwamfuta ne kawai, likitoci ba su fara aiki da shi ba." Ta ce, "Ba komai, ɗana," ta ajiye min doya. Wallahi na kasa ci. Masu sauraro, da wane ido zan je gaishe ta?