Yadda Na Zama Ɗan Raino da Gemuna a Kaduna

Barkono ne ya kai ni Kaduna. Buhun barkonon da na noma a fadamar Katuzu na kai kasuwar Gashuwa, wani Bakano ya saya, na ƙulle kuɗin a lalita, na hau a-kori-kura zuwa Nguru. Lokacin farar hula ne, soja ba su karɓe ba tukuna. Kai Modu, matso ka ji labarin, daina tsokanar ƙanwarka. Jirgin ƙasa ya tashi da hantsi, ina leƙen taga, ruwan fadama yana ta sheƙi, fararen tsuntsaye suna bin mu kamar masu rakiya, har suka gaji suka juya.

Ɗaki na kama a Tudun Wada. Mai gidan wani Alhaji ne mai hancin tsiya.

"Habu, warin me nake ji?"

"Bandar kifi ce, Alhaji, guzurina."

"A ɗakina?"

"Ai ba ta da hayaniya. Ta fi 'yan hayarka na ɗakin baya ladabi."

Aiki kuwa, masinja na samu a wata makaranta inda ake koya wa 'yan mata yadda za su koyar da yara 'yan dugwi-dugwi, waɗanda ba su isa firamare ba. Su suna cewa nosiri, ni ina cewa Nasiru, har na tambayi mai gadi ko ɗan waye shi da aka gina masa makaranta. Ni da na tsaya a aji huɗu, ban taɓa jin ana zuwa koyon wasa da yara ba. A can sai ka ga manyan 'yan mata sun baje a tabarma suna ƙera mota da kwali, suna jera murafun kwalba, suna mulmula shanun laka. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Madam, tana zagayawa tana cewa, "Ki durƙusa. Idonki ya zo daidai da idon yaro. Wanda yake kallon gwiwarki ba zai ji maganarki ba." Bulala kuwa ko a mafarki. In yaro ya yi ɓarna, wai a ba hannunsa wani aikin.

Ba a ba sababbi yaran gaske. Madam ta ce ba a koyon aski a kan 'ya'yan mutane. Ɗaya za ta fito ta zama malama, sauran su zauna a 'yan kujeru su zama yara. Matsalar ita ce duk yaran kirki suke zama, don ba mai son ta kunyata ƙawarta. Ranar da Madam ta kama ni ina kwaikwayon tafiyarta a bayan taga, na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Sai ta ce, "Shigo. Daga yau kai ne yaro marar ji."

Na yi aikin nan tsakani da Allah. Na ci alli, na ɓoye takalmin malama, na ce fitsari nake ji ana tsakiyar waƙa. Wadda ta daka mini tsawa, Madam ta mayar da ita ta sake daga farko.

A cikinsu akwai Falmata, 'yar Nguru, da ke kirana Kawu saboda yanki ɗaya muka fito. Hannunta ya iya ƙira, amma muryarta ba ta wuce haɓarta. Sau biyu ana gwada ta a gaban aji tana daskarewa. Saura gwajin ƙarshe, wanda suke kira firatikal. In ta faɗi, gida za ta koma hannu biyu, alhali ubanta ya riga ya gyara mata zaure a Nguru, ya shaida wa duk unguwa cewa 'yarsa za ta buɗe ajin yara.

Da safen ranar na same ta a bakin famfo.

"Yau zan zama yaron kirki, kar ki damu."

"A'a, Kawu. Yaran Nguru ba za su raga mini ba."

Madam ma ta ja ni gefe. "Na san 'yar yankinku ce. In ka sassauta, ni zan kayar da ita. Yau kai ne yaron da uwarsa ta ajiye ta tafi."

Aka fara. Falmata tana rarraba laka, na ɓarke da kuka, na rarrafa ƙarƙashin tebur ina kiran Inna. Ta tsaya cik. Na ce a raina yarinyar nan ta tafi. Can sai ta tattara zanenta, ta zauna a ƙasa dab da teburin. Ba ta ce in fito ba. Ta yafito sauran da hannu suka kewaye ta, ta fara mulmula laka tana magana da 'yar muryar nan tata, wadda dole ka yi shiru kafin ka ji.

"Wannan kwalekwale ne. Ruwa ya cika fadama, Inna ta shiga ta tafi tsinko bado. Ga tsuntsaye sun sauka a kan shinkafa. Ga masunta suna jan koma. In rana ta kai kan giginya, Inna za ta juyo. Wa zai ƙera mata abin tuƙi?"

Yara, ban san lokacin da Kaduna ta ɓace mini ba. Na ji ƙamshin laka bayan ruwa ya janye, na ga hayaƙin banda yana tashi a bakin kogin Gashuwa, na ga tsohuwata tana ɗaure zane a gaɓa. Kukan wasa ya tsaya, na gaske ya zo, marar sauti, yana bin gemuna. Na miƙo hannu daga ƙarƙashin tebur, ta ɗora mini laka. Da na farga, ina zaune a cikin da'ira ina ƙera abin tuƙi, Madam tana goge tabarau.

Ta ci gwajin. Ni kuma daga ranar ƙafata ta ƙi zaman birni. Da aka sallame su na ajiye aiki, muka hau jirgi ɗaya, ita da takardar shaidarta, ni da rediyon da ba ya kama ko'ina sai an mare shi.

A tashar Nguru ubanta ya zo tarbarta da 'yan unguwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Falmata, wannan bawan Allah fa?"

Ta ce, "Baba, ɗalibina ne na farko."

Tsohon ya daɗe yana kallon gemuna. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa na gidan nan su fi shi saurin ganewa."