Gotar da ta tsare tsohuwata a gida

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Adisa daga Sabonjida.

Bayan samun 'yancin kai, wani birnin Turai ya ƙulla abota da garinmu Tamale, ya turo mutane suka haƙa mana gota, wato lambatu, a ƙofar gida. Zurfinta ya fi tsayin mutum. Suka tafi, wai za su dawo su rufe. Har damina ta sauka, shiru.

Katako ɗaya muke takawa mu tsallake, tsohuwata kuwa ba ta iyawa. Ranar Juma'a ƙanwarta ta rasu a gidan da ke kallon namu. Daga bakin gota ta tsaya tana kuka har aka wuce da gawa.

Malam, wa za mu kai wa ƙara? Hukumar gari ta ce aikin baƙi ne, baƙin kuma suna bayan teku.