Malamar Gonar Gero

A tashar Birnin Kudu, wata budurwa mai jin ra'ayin jama'a kan manhajar koyon karatu ta tare wani dattijo da ke jiran motar Gwaram.

"Baba, jikokinka suna amfani da ita?"

"Jikoki? A gona nake rataye wayar, 'yata. Matar nan ta ciki ta yi ta karatu, tsuntsaye su gudu."

"Tsuntsaye! To, me za mu gyara?"

"Ku sa ta riƙa tsawa. Yanzu sun saba da ita, suna ci suna saurare."

"In muka sa kuɗin wata, za ka biya?"

"Ni? Kun tara min ɗalibai suna cinye min gero! Ai ku za ku biya ni kuɗin ciyarwa!"