Layin Tikitin Sukuwa

A layin sayen tikitin babbar sukuwa, wani tsoho ya kutsa gaban wata mata.

"Baba, koma baya! Tun safe muke shan rana."

"Ni za ki kora? Baƙin dokin da kowa ya zo kallo, shekara tara ina kiwonsa!"

"To shiga ta ƙofar ma'aikata mana."

"Sun sallame ni. Wai na tsufa."

"Baƙin nan mai farin goshi? Shi ya kayar da mijina bara. Har yau ba ya tafiya."

"Mijinki ne mahayin? Sau uku na hana shi dukan dokin nan! To kallon me kika zo?"

"Kar ka ƙara min zafi, Baba. Shi ya matsa min. Wai in gano masa ko dokin ya rame."