An Rufe Bitrus da Duwatsu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai rai.

Ina tankaɗe a tsakar gida, nan Unguwar Kanawa, sai ga Fasto tare da Ɗanladi, abokin aikin mijina. Da na ga Ɗanladi babu mijina, na ajiye rariya.

Mijina Bitrus kuku ne. Baturen da yake wa aiki ya tafi da su biyu a jirgin ruwa, can ƙarshen duniya inda ƙasa duk ƙanƙara ce, su riƙa dafa wa masu bincike abinci.

Ɗanladi ya ce, "Maman Istifanus, sanyin can ba irin namu ba ne. Ya fita ɗauko kaya, iska ta tare shi. Da aka same shi, ƙafafunsa sun sandare."

Bitrus ya yi abin da kowannenmu zai yi: ya miƙa ƙafafun bakin murhu. Ashe ƙafar da ƙanƙara ta ci ba ta jin zafi. Ya ƙone bai sani ba. Ciwon ya ruɓe, jirgi kuma ya maƙale a ƙanƙara ba ya iya motsi. Can ya rasu. Ƙasa ta ƙi haƙuwa, da duwatsu suka rufe shi.

Na kwanta. Ana tsakiyar bazara ina rawar sanyi, ko kunun da maƙwabciyata Hajiya ke aikowa ba ya wucewa.

Wan mijina ya zo daga ƙauye ya ce, "Saratu, wanda ba a sa a ƙasa ba ba ya kwanciya. Shi ke kiranki. Kawo rigarsa mu kai wa boka a binne, in ba haka ba ke ma tafiya za ki yi, ki bar yara."

Na kusa ba shi, ba zan ɓoye ba. Amma na durƙusa da rigar a hannu na ce, "Ubangiji, kai ka yi ƙanƙarar nan. Ka san inda yake kwance."

Gumi ya karyo mini. Na miƙe!

Na ce, "Yaya, Bitrus ba yawo yake ba, yana hannun Yesu. Rigar nan ba ta fita gidan nan."

Ga ni tsaye, na gode wa Allah! Ku riƙe shi, kada kowa ya razana ku da matattunku.

Dangin mijina ba su sake taka ƙofata ba. Ni ma har yanzu ban je wurinsu ba.