Takalmi Marar Igiya

A rumfar wani dattijo mai sayar da takalma, wani ƙaton saurayi ya lallaɓa ya zauna a benci, yana dafe da ƙugu.

"Baba, marar igiya nake so."

"Kai da wannan ƙirjin, igiyar takalmi ce ta gagare ka?"

"Sunkuyawar ce ba na iyawa. Ƙarfe nake ɗagawa a wurin motsa jiki, irin wanda ake cicciɓowa daga ƙasa a miƙe da shi. Ran nan abokai suka zuga ni na ƙara nauyi, sai na ji wani abu ya ce ƙas a bayana."

"Ka je asibiti?"

"Na dai sha magani. Ciwon ma ya bar bayan, ya gangaro ƙafar hagu. Jiya kuma na nemi ciwon na rasa. Ai sauƙi ke nan, ko?"

Dattijon ya durƙusa, ya zura masa takalmin dama, ya danna bakinsa.

"Ya matse ka?"

"Kaɗan."

Ya zura na hagu.

"Wannan fa?"

"Daidai. Kamar ma ban sa komai ba."

"Ɗana, dubi ƙasa."

Saurayin ya leƙa. Babban yatsan dattijon ya lotsa bakin takalmin sosai.

"Tun ɗazu nake danne maka yatsa, ba ka ji ba?"

Saurayin ya ƙura wa ƙafarsa ido.

"Sake dannawa, Baba."

"Ai ban saki ba."