Mai Riƙon Igiya

A mashigin gulbin Goronyo, mutum biyu na jiran kwalekwale. Ɗaya ƙafafunsa duk laka.

"Bawan Allah, daga wane aiki?"

"Haƙar rijiyar En'e, can Taloka. Ni ka shiga gaba ashirin cikin ƙasa, a ba ni sisi. Mai riƙon igiya na bisa shina shan iska, sule guda, don ya iya gaida Bature."

"To, aje aikin mana."

"Wanda na gada ma, rami ya ruhta da shi."

"Mi kake jira?"

"In na hita, mai igiyar za su sa ramin."

"Sai ya ɗanɗana. Ina ruwanka?"

"Kama bakinka, malam. Ƙanena na, uwa ɗaya."